Jan Hilux a Bayan Motar Kwana: Nazarin Abin da Ya Ƙone Giyabos a Hanyar Sakkwato Zuwa Aliero

Lamarin da wannan rubutu zai bi diddiginsa ya shafi wani ɗan kasuwar albasa ne mazaunin Sakkwato, wanda ya ɗaura Hilux ɗinsa mai fowil, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, a bayan wata bas ƙirar Coaster da ya mayar motar kwana, ya ja ta tayoyinta huɗu suna ƙasa daga Sakkwato har Aliero a jihar Kebbi. An isa lafiya, ba a ji wata ƙara ba, ba a ga hayaƙi ba, amma da aka kwance motar aka tayar da ita sai ta kasa tafiyar kirki. A bayan janwe aka dawo da ita garejinmu, kuma ni na jagoranci buɗe giyabos ɗin, saboda haka abin da zan faɗa game da ɓarnar da idona na gan shi. Na ga ya dace a rubuta lamarin dalla-dalla, domin ko da yake masu motar kwana ba su da yawa a wajenmu, abin da ya kashe wannan giyabos shi ne yake kashe na yawancin motoci masu otomatik da aka ɗaura wa igiya aka yi doguwar tafiya da su injinsu a kashe.

Alhajin yana sayen albasa ne tun daga gona. Idan lokacin cire ta ya zo, yakan yi makonni a Aliero da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yana bin manoma cikin fadama, yana tsayawa a kan awo da lodi. Don ya huta da neman masauki ya sa aka cire kujerun Coaster, aka saka gado da ɗan banɗaki da tankin ruwa da firij, aka jera faifan sola a kan rufi, aka ajiye batura da janareta a baya. Ba baƙon abu ba ne a duniya, domin a Ostireliya mutane da yawa suna mayar da Coaster motar kwana. Matsalarsa ita ce bas ba ta shiga yashi da hanyoyin gona, sai Hilux, wadda tasa mai fetur ce, mai otomatik, cikin ƙirar da aka fara fitarwa daga 2015. A da direbobi biyu yake tafiya da su. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya sa ya fara lissafi, kuma ya ga bidiyoyi a intanet na Amurkawa suna jan ƙananan motoci a bayan motocin kwanansu ba kowa a ciki. Ya nuna wa wani mai walda hoton, ya ce a yi masa irinsa.

Mai waldan ya haɗa bututun ƙarfe biyu suka yi siffar kusurwa uku, ƙafafunsu biyu ya liƙa su a jikin ƙarfen kariyar da ke gaban Hilux, bakinsu kuma ya yi masa zobe da zai shiga ƙugiyar da ya walda a bayan bas. Ranar tafiya direban ya sa giya a firi, ya sauke burkin hannu, ya bar makulli a wurin da sitiyari ba zai kulle ba, ya kashe injin. Maɓallin fowil yana kan H2, wato ja da tayoyin baya kaɗai, kamar kullum. Sun fita da hantsi a cikin zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Sakkwato yake wuce digiri 40, suka bi ta Bodinga da Shagari da Tambuwal, direban yana riƙe da gudun kilomita 70 zuwa 80 a duk inda titi ya ba shi dama. Bai tsaya duba komai ba, domin a madubi yana ganin motar tana biye da shi sumul.

Da aka kwance ta a Aliero injin ya tashi nan take. Da aka sa D, giyar tafiya gaba, sai motar ta yi jim kafin ta motsa, sannan ta fizga. A kan titi injin yana ta kuka amma gudun bai kai kukan ba, kuma wani ƙauri yana tasowa daga ƙarƙashi. Kafin su kai gonar farko ta daina ja gaba ɗaya. Lokacin da suka iso garejinmu direban yana ta rantsuwa yana cewa, “Alhaji, wallahi a firi nis sa ta, kuma burkin hannu na sauke shi.” Gaskiya ya faɗa. Alhajin ya juyo ya tambaye ni, “Malam, mi yac ci giyar wagga mota, alhali injin ko tashi bai yi ba?” Na ce masa, “Alhaji, ai rashin tashin injin shi ne ya ci ta.”

Da muka kwance farantin da ke ƙasan giyabos, man da ya kamata ya fito ja garau sai ya fito baƙi-baƙi, yana ƙaurin ƙonewa irin wanda ke kama hanci ya ƙi saki. Maganaɗisun da ke kwance cikin farantin ya lulluɓe da garin ƙarfe, in ka shafa da yatsa sai ya taso kamar laka mai ƙyalli. Matatar mai ta toshe da ɓarɓashin fatar kuloci. Da muka shiga ciki muka tarar da faifan kuloci sun ƙone, wasu faifan ƙarfen da ke tsakaninsu sun yi shuɗi sun lanƙwashe, boris da zobban da sandar fita, mai fitar da juyi daga giyabos, take juyawa a kansu sun cinye, haƙoran ƙananan giyoyin ɓangaren baya sun yi zane. Abin lura shi ne ɓarnar ta fi muni ta bayan giyabos, wajen da ke kallon farfela, doguwar sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, yayin da ɓangaren da ke manne da injin bai ji jiki sosai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa bakanike daga inda juyin ya shigo.

A tafiya ta yau da kullum ƙarfi yana tashi ne daga injin, ya shiga giyabos, ya wuce ƙaramin giyabos na fowil mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ya bi farfela zuwa dif mai raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama, ya isa tayoyi. Idan ana jan mota tayoyinta a ƙasa, wannan layin yana nan daram, sai dai juyin ya koma yana tasowa daga ƙasa. Tayoyin baya suna juya dif, dif yana juya farfela, farfela tana shiga ƙaramin giyabos, wanda a H2 yake miƙa juyin kai tsaye ga sandar fita ta babban giyabos. Firi yana raba injin da tayoyi ne kawai, wato yana sakin kulocin da ke ciki don kada ƙarfi ya wuce, amma bai cire sandar fita daga jikin giyoyin da take ɗauke da su ba. Duk abin da ke haɗe da ita zai ci gaba da juyawa muddin tayoyi suna birgima.

A giyabos na otomatik kuwa mai ba ya isa wuraren da ake buƙatarsa da kansa. Famfo ne yake tsotso shi daga faranti, ya tura shi da ƙarfi ta ƙananan hanyoyi cikin sanduna zuwa boris da giyoyi da kuloci, ya kuma aika shi wurin sanyaya mai da ke gaban mota ya dawo. Wannan famfo injin ne yake juya shi. Injin a kashe, famfo a tsaye. Abin da na faɗa wa Alhaji shi ne, man yana nan cike a faranti kamar yadda ruwa yake nan a rijiyar fadama, amma idan injin ban-ruwa bai tashi ba albasa ƙishi zai kashe ta a bakin rijiyar. Ɗan man da ya saura a jikin ƙarafan shi ne ya riƙe su a farkon tafiya, kuma da ya bushe sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe, zafi ya yi ta hawa ba abin da ke kwashe shi. Man otomatik a aikinsa na lafiya yana zama ne a kusan digiri 80 zuwa 90, kuma yana saurin lalacewa idan ya wuce haka da nisa.

Yana da kyau a ga girman abin da lissafi. Tayar Hilux irin wannan takan ci kimanin mita biyu da rabi a juyi ɗaya, don haka a gudun kilomita 80 tana juyawa kusan sau 550 a minti. Dif yana ninka wannan kusan sau huɗu, wato farfela da sandar fita suna juyi wajen 2,000 a minti. A tafiyar kilomita 100, kusan nisan Sakkwato zuwa Tambuwal, sandar ta juya kusan sau 150,000, mafi yawansu a bushe, kuma Aliero tana gaba da Tambuwal. Abin da ya sa ba a ji komai ba shi ne babu kowa a cikin motar, injinta a kashe yake balle wata fitila ta kama a allon gaban direba, kuma bas mai wannan nauyi ba za ta ji ɗan ƙarin jan da giyabos mai ƙonewa yake yi ba.

Ban ga laifin direban ba yadda Alhajin ya so ya gani da farko. Mutum ne da ya yi shekaru yana tuƙa Peugeot 504 ta haya, ya ja motoci da igiya, an ja shi, kuma a duk saninsa firi ya wadatar. A motar manuwal da gajeriyar tafiya cikin gari sau da yawa hakan yana wucewa lafiya, domin babu famfon da ake jira. Amma ko a nan akwai magana. A yawancin giyabos na manuwal na motocin da ke ja da baya, sandar ƙasa ce take nutse cikin mai, ita take watsa shi sama idan tana juyawa, kuma ita ma daga injin take samun juyi. Idan injin a kashe yake kuma giya tana firi, sandar ƙasa tana tsaye, ta sama kuma tana juyawa ba mai watsa mata mai. Manuwal ta fi otomatik haƙuri, amma ita ma doguwar tafiya da gudu tana iya cinye mata boris. Masu janwe da ke jan manyan motoci sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa za ka ga sun kwanta ƙarƙashin babbar mota ƙirar DAF ko tirela sun kwance farfela kafin su ɗaura. Ilimin yana nan cikin garinmu, bai dai isa kunnen wanda ya buƙace shi ranar ba.

To, ta yaya waɗanda Alhaji ya gani a bidiyo suke yi? Amsar tana cikin irin motar da suke zaɓa. Akwai motocin fowil da ƙaramin giyabos ɗinsu yake da firi nasa na kansa, wanda ake rubuta wa N tsakanin 4H da 4L, matakan ja da tayoyi huɗu na gudu da na ƙarfi. Idan aka sa shi a nan, an yanke layin ne tun kafin juyi ya isa babban giyabos, farfela ta yi ta juyawa amma sandar fita tana zaune. Jeep Wrangler ita ce sananniya a wannan fage, kuma kamfanin ya yarda a ja ta haka: ƙaramin giyabos a N, babban giyabos kuma a P, giyar ajiye mota, idan otomatik ce, ko a cikin giya idan manuwal ce. Wannan yakan ba mutane mamaki, domin sun ɗauka firi za a sa duka biyun. Dalilin shi ne a riƙe sandar fita kada jan mai da ke cikin ƙaramin giyabos ya riƙa juya ta a hankali. A irin waɗannan motoci kuma famfon ƙaramin giyabos daga ɓangaren farfela yake samun juyi, don haka yana shayar da kansa mai ko injin a kashe.

Hilux ta Alhaji ba ta cikin wannan sahu. Maɓallin murɗawa gare ta mai H2 da H4 da L4 (na biyun ƙarshe su ne 4H da 4L), babu N a jikinsa, don haka babu yadda za a raba babban giyabos da farfela daga cikin mota. Tsofaffin Hilux masu ƙaramar sandar fowil a gefen giya suna da N, amma ina jan hankalin mai irinsu da kada ganin harafin ya sa ya yanke hukunci, domin a wasu motocin N yana barin gaba da baya a haɗe da juna, a wasu kuma mai ba ya isa ko'ina idan juyin daga baya yake zuwa. Littafin da kamfani ya haɗo da motar shi ne mai yanke hukunci, kuma littattafan motocin Toyota masu fowil da dama, irin su Land Cruiser da 4Runner, sun faɗa ƙarara cewa ba a ƙera su don a ja su a bayan motar kwana tayoyi huɗu a ƙasa ba. Abin da littattafan Toyota da yawa suka yarda da shi jan gaggawa ne kawai, a kan titi mai kyau, ƙasa da gudun kilomita 30, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba, kuma da direba a ciki yana riƙe da sitiyari da burki. Tafiyar Aliero ta ninka gudun fiye da sau biyu, ta kuma wuce nisan. Littafin motar yana cikin akwatin gaban kujera, a ledarsa.

Mutanen da suka taru a garejin sun kawo shawarwari biyu da suka cancanci amsa. Wani ya ce da an bar injin Hilux yana aiki a firi da famfo ya yi ta juyawa. Gaskiya ne famfo zai juya, amma a ƙaramin gudun injin, alhali sandar fita tana gudun kan titi, ga mota ba kowa a ciki tana zafi a bayan bas da ta tare mata iska, kuma in injin ya mutu a hanya ba wanda zai sani. Ba dabara ba ce da zan sa hannu a kanta. Wani kuma ya ce a ɗora tayoyin gaba a kan ɗan kuran nan mai taya biyu a bar na baya a ƙasa. Wannan yana yi wa ƙananan motoci masu ja da gaba, amma ga Hilux bai canja komai ba, tunda tayoyin baya ne masu juya farfela. Ga motar da fowil ɗinta yake aiki kullum, irin Prado, ya ma fi haɗari, domin gaba yana tsaye baya yana gudu, dif na tsakiya, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, shi zai sha duk bambancin har ya ƙone.

Idan dole sai an ja irin wannan Hilux tayoyinta a ƙasa, hanyar da take kare giyabos ita ce ta masu janwe. Kafin a kashe injin a tabbata tana H2 kuma fitilar fowil ta mutu, domin a nan ne na'urar da ke dif na gaba take raba tayoyin gaba da farfelarsu. Sannan a kwance farfelar baya daga bakin dif, inda notuna huɗu suke riƙe da ita, bayan an yi wa mahaɗar alama da fenti don a mayar da ita daidai yadda take, in ba haka ba motar tana iya fara kakkarwa a gudu. A ɗaure farfelar sama a jikin shasi da abin da ba zai tsinke ba. Kada a zare ta daga bakin ƙaramin giyabos, domin a wasu motocin mai zai biyo ramin ya zube, ƙura kuma ta shiga. Da an yi haka, tayoyin baya dif kaɗai suke juyawa, shi kuwa dif babban haƙorinsa ne yake watsa masa mai ko ta ina juyin ya zo. Akwai haɗari guda da ba a cika tunawa da shi ba, kuma ina so a riƙe shi sosai: da zarar farfela ta rabu da dif, P ba ya riƙe motar kuma. Mutumin da ke kwance ƙarƙashinta yana kwance noti na ƙarshe ba abin da ya tsare shi sai burkin hannu da dutsen da aka sa wa taya. Haka ma motar da aka sa ƙaramin giyabos ɗinta a N, tana iya gangarawa ko giya tana P.

Giyabos shi ne ya jawo asarar kuɗi, amma ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba. Da muka duba ƙarfen jan, muka ga waldar ƙafar hagu ta tsage fiye da rabi, kuma notunan da ke riƙe ƙarfen kariyar gaban sun fara faɗaɗa ramukansu. An yi wannan kariya ne don ta tare dabba ko ta kare fitilu, ba don ta ɗauki fizgar mota mai kusan tan biyu a kowane rami da kowane tudun rage gudu ba. Wurin da ya dace shi ne bakin shasi, da faranti mai kauri da aka ɗaure da notuna masu ƙarfi a ɓangarorin biyu, tare da mahaɗar da za ta bar ƙarfen ya yi sama da ƙasa. Ƙugiyar bas kuma ta fi wurin ɗaurin Hilux tsawo da fiye da taƙi guda, alhali masu ƙera irin waɗannan ƙarafa suna son ƙarfen ya kwanta daidai, bambancin kada ya wuce kimanin inci uku. Idan ƙugiya ta yi sama, a burkin gaggawa motar baya tana neman kutsawa ƙarƙashin bas. Idan ta yi ƙasa, tana neman hawa kan ƙarfen. Ba a kuma sa sarƙar tsaro ba ko ɗaya. Ƙa'ida ita ce sarƙa biyu daga shasi zuwa shasi, a gicciye su a ƙarƙashin ƙarfen don su tare shi in ya faɗi. Da waldar nan ta ƙarasa tsagewa a cikin Shagari ko Tambuwal ranar kasuwa, inda titi yake cike da 'yan kabu-kabu da masu jakai da yara masu talla, da tan biyu na ƙarfe ne za su saki hanya ba direba.

Sai maganar burki. Coaster da aka cika da tankin ruwa da batura da janareta ta riga ta ɗauki kaya, kuma burkinta an yi shi ne don nauyin kanta. Hilux da ke baya ba mai taka mata burki, duk nauyinta a kan bas yake sauka. Ƙarfin da burki zai kashe kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, yana ninkuwa ne: a kilomita 80 ya fi na kilomita 45 sau uku da ɗoriya. Ba banza ba ƙa'idar hanya ta Najeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take aiki da ita, ta tsayar wa janwe gudun kilomita 45 idan yana jan mota, a gari ne ko a babbar hanya. A Ingila duk abin da ake ja da ya wuce kilo 750 dole ya kasance da burkinsa, kuma motar da aka ɗaura da irin wannan ƙarfe a matsayin tirela doka take kallonta. Masu motocin kwana a can suna saka wata na'ura a ƙasan kujerar direban motar baya, wadda take taka mata burki idan ta gaba ta taka, take kuma tsayar da ita in ta ɓalle. A hanyarmu, inda garken shanu ko raƙumi zai iya hawa titi ba sallama, ina ganin wannan na'ura ta fi zama dole fiye da can.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da nasu sakamakon. Fitilun burki da sigina na Hilux ba a haɗa su da na bas ba, don haka wanda ke bin su a baya ba ya ganin alamar tsayawa. Makullin da aka bari a buɗe don sitiyari ya saki yana shan batir a doguwar tafiya, sai an ja masa waya daga bas. Ribas kuma haramun ne ga motar da aka ɗaura haka, domin tayoyin gabanta suna bin hanya da kansu ne idan ana jan su gaba, amma da an tura su baya sai su karye gefe guda, su lanƙwasa ƙarfen ko ƙarafan sitiyari. Direban ya ce ya ɗan yi baya a wani gidan mai a Bodinga, kuma ina kyautata zaton tsagewar waldar daga nan ta fara.

Mun duba zancen tirela mai faɗi wadda za a ɗora motar gaba ɗaya a kai. Ta fuskar lafiyar Hilux babu abin da ya kai ta, domin ba abin da zai juya, kuma tirela mai kyau tana zuwa da burkinta, ana kuma iya yin ribas da ita. Sai dai nauyin tirelar zai hau kan na motar jimilla ta doshi tan uku, kuma ban ga alamar bas ɗin Alhaji mai fetur, da kayan da ke cikinta da ƙugiyar da aka walda mata, za ta iya wannan cikin aminci ba. Iyakar abin da mota za ta ja kamfani ne yake faɗa, ba ƙarfin injin a kan titi miƙaƙƙe ba.

Gyaran ya ci miliyoyin naira da makonni a tsakiyar kakar albasa. Giyabos na Beljiyam aka saka, domin na asali ya wuce gyara, kuma mun wanke bututai da wurin sanyaya mai sosai kafin haɗawa, saboda garin ƙarfen da ya maƙale a can yana iya dawowa ya kashe wanda aka saka. Ƙaramin giyabos mun canja masa mai, mun same shi lafiya.

Shawarar da na ba Alhaji ita ce, ga tafiya irin ta Aliero, a tuƙa Hilux da ƙafarta. Fetur ɗin da ake zaton an tsira da shi ba duka aka tsira da shi ba, tunda bas mai jan tan biyu tana shan fiye da yadda ta saba, kuma abin da ya rage bai kai wahalar kwance farfela da mayar da ita a kowace tafiya ba. Ya karɓi wannan, ɗan ƙaninsa ne yanzu yake biyo bas da ita. Bai dai haƙura da jan gaba ɗaya ba, domin yana da niyyar tafiye-tafiye masu nisa da direba ɗaya, kuma ya fara neman ƙaramar motar fowil marar nauyi wadda littafinta ya yarda a ja ta. Na ce masa idan ya samu ya kawo littafin mu karanta tare kafin ya biya kuɗi. Mun kuma yi yarjejeniya cewa garejinmu zai sake ƙera ƙarfen jan a kan shasi da sarƙoƙinsa da wayar fitilu, amma ba za mu ɗaura wata mota a bayan bas ɗin ba sai na'urar burki ta iso an gwada ta a fili. Ko bayan nan direba zai riƙe kilomita 45, ya tsaya tun a Bodinga ya duba notuna da sarƙa, ya taɓa dif da cibiyar kowace taya da bayan hannu kafin ya ci gaba.